Neman shawara: ina so in canja modabod a Dell OptiPlex 9020

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Ina da Dell OptiPlex 9020, dogon akwatin nan da ake kira MT, tokumbo na saye ta. Furosesa i5-4570 ce, ram 8GB, kuma har yanzu tsohon hadis mai juyawa ne a ciki. Aikina haɗa bidiyon biki da walima, idan na ɗora aiki mai nauyi sai ta riƙa tafiyar hawainiya. Ga shi ta ƙi karɓar Windows 11. Wani ya ce min in sayi sabon bod kawai, wato modabod, babban allon da sauran kayan ke haɗuwa a kansa, in dasa a cikin akwatin, sauran kayan su zauna yadda suke. Don Allah masana, hakan zai yiwu?

Injiniya Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Baban Ummi, wanda ya ba ka shawarar nan bai taɓa kwance 9020 ba. Buɗe gefen ka duba wayar da ta fito daga fawa fak, na'urar da ke ba kwamfutar wuta, ta shiga bod. Fil 8 za ka gani. Bod ɗin kasuwa, Asus ko Gigabyte ko MSI, fil 24 yake nema. Ka ga fawa fak ya fita daga lissafi. Ram ɗinka DDR3 ne, sabbin bod DDR4 ko DDR5 suke ci, ko wurin tsagar ba ɗaya ba ne, ba zai shiga ramin ba. Furosesarka ta soket LGA1150 ce, ta zamanin 2013, babu sabon bod da zai ɗauke ta. To me ya rage maka? Akwati da hadis. Shi ma akwatin, wayar maɓallin kunnawa da ta USB na gaba Dell sun yi su ne daidai bod ɗinsu, sai ka nemo adafta ko ka yanke waya ka haɗa da hannu.

Hajiya Mai Kafe: Malam, me ya sa sai Windows 11 dole? Kwamfutocin shagona duk Windows 10 ce a kansu, suna ta aiki.

Injiniya Sabon Gari: Hajiya, za su ci gaba da aiki, amma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, wato guntun tsaro na kwamfuta, da furosesar Intel ƙarni na 8 zuwa sama. Tasa ƙarni na 4 ce. Akwai masu tsallake sharaɗin da wata manhaja mai suna Rufus, Windows 11 ɗin tana hawa, sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da turo gyare-gyare ga irin wannan ba.

Ɗan Gwammaja: Ni dai ban yarda a ce ba ya yiwuwa ba. Na yi wa wani abokina a OptiPlex 7010, bod ɗin kasuwa mai girman micro-ATX ya zauna, ramukan noti sun yi daidai.

Injiniya Sabon Gari: Ɗan'uwa, 7010 MT daban ce, ita fil 24 take da shi, shi ya sa ka sha da sauƙi. Ban ce ba ya yiwuwa ba, cewa na yi ba riba. Kuma gara ma 9020 a kan na bayanta. Daga 7040 zuwa sama, ramukan USB na gaba a jikin bod ɗin suke, siffarsa ma ba irin ta kasuwa ba ce. HP EliteDesk 800 G1 ita kuma fil 6 ne. Kamfanonin nan don ofisoshi suka ƙera su, a yi shekaru ana aiki a sauya gaba ɗaya.

Ɗan Gwammaja: Wannan gaskiya ne. Kuma sai da na yi ta gwada wayoyin maɓalli da mita kafin ta kunnu.

Malam Na Zariya: Akwai abin da ba a ambata ba, lasisi. Windows ɗin da ke zuwa da irin waɗannan injuna a ɗaure yake da bod ɗin asali. Ka cire bod, ka rabu da shi. Sai ka sa kuɗin sabo a lissafinka.

Shawarata, Baban Ummi, hanya biyu ce, aljihunka ne zai zaɓa. Idan kuɗin kaɗan ne, kada ka taɓa bod. Fara da SSD, ma'ajiyar zamani da ta fi hadis sauri, ka ɗora Windows da manhajar aikinka a kai, tsohon hadis ya zama ma'ajiyar bidiyo. Wallahi wannan kaɗai za ka ɗauka an canja maka inji. Ramukan ram huɗu gare ka, tana ɗaukar har 32GB, ko 16 ka samu ya isa farawa. Furosesa kuma i7-4790 tana zama a soket ɗin ba tare da wata dabara ba, ka dai sabunta BIOS, wato manhajar cikin bod, tukuna, a lokacin da kake kan UPS mai riƙe wuta, don idan wuta ta ɗauke a tsakiya bod ɗin na iya mutuwa. Katin girafik ka nemi wanda ba ya buƙatar ƙarin waya, kamar GTX 1650 mai cin 75W daga ramin bod, saboda fawa fak ɗinka 290W ne kacal. Ka duba da idonka kafin ka biya, wasu 1650 ɗin suna da ramin fil 6.

Idan kuwa kana da ƙarfi, bar Dell yadda take, ka sayar da ita a haɗe, ta fi daraja a kan a kwance. Ka haɗa sabuwa a akwatin kasuwa: bod B450 ko B550, furosesa Ryzen 5 5600G, ram DDR4 16GB, da fawa fak mai suna. Nan Windows 11 za ta hau salin-alin.

Baban Ummi: Allah Ya saka da alheri. Malam, idan na sayi SSD da katin yanzu, za su yi min amfani a sabuwar in na haɗa ta daga baya?

Malam Na Zariya: Ƙwarai kuwa, su biyun za su bi ka. Ram da i7 ne ba za su bi ka ba, don haka kada ka zuba kuɗi da yawa a kansu. Kuma ka sa mai shago ya gwada maka su a gabanka.

Baban Ummi: To shi ke nan, SSD da ram zan fara saye in ga yadda za ta yi. Katin sai bayan bukukuwan sallah in Allah Ya yarda. Na gode ƙwarai.