Farar hula na iya mallakar bindiga mai jigida da lasisi?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Gardama ta kaure a majalisa kan bidiyon nan na YouTube da ake nuna Amurkawa suna ɓarin wuta da bindiga mai jigida a gonakinsu. Wasu sun ce can kowa shiga shago yake ya saya. Wasu kuma sun ce ko nan gida, in mutum ya yi rajistar dillancin makamai zai iya tara irinsu don tarihi. Masana, mi ne gaskiyar abin ga?

Baristan Gawon Nama:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da gida, don nan ne kuskure ke kai mutum gidan yari. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta maharba, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta. Ta farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta na hannun Sufeto Janar. Kashi na uku su ne haramtattu: mashinga (wato bindiga mai jigida), bindigar soja irin AK-47 mai harsashi 7.62, fistol, gurneti da roka. Waɗannan sai da sa hannun Shugaban Ƙasa, kuma a aikace hukumomin tsaro kaɗai ke riƙe su. Wanda aka kama da ɗaya babu izini, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 10.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne bindigar da ake ja da hannu ta ɗora wani harsashi, wadda ake kira fam-akshin. Suna ɗaukarta ta farauta ce, alhali doka ta cire duk mai na'urar sake ɗuri daga wancan rukunin. Irinta ce guda 661 da kwastam ta kama a Legas a Janairun 2017.

Rajistar dillanci ba ta buɗe wannan ƙofa. Dillali na ajiye kayansa a rumbun da aka yi wa rajista, yana rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, kuma shigo da makami daga waje sai da takardar ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, mai nuna hannun wanda makamin zai ƙare. A 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A 2023 kuma Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

Malam Na-Rijiya:
Barista ya gama da gida. Na Amurka kuwa halal ne, amma da ka ji sharuɗɗan za ka gane ba cinikin kasuwar daji ba ne.

Tun 1934 suka sa harajin dala 200 kan kowane sauyin hannu, tare da tilasta rajista. A 1968 aka hana shigo wa farar hula da irinsu daga waje. Babban kulli shi ne na 1986: duk mashingar da ba a yi wa rajista kafin 19 ga Mayun shekarar ba, farar hula ba zai taɓa mallakarta ba. Waɗanda suka tsallake ba su kai dubu 200 ba, kuma su ne ke ta zagayawa daga hannu zuwa hannu. Shi ya sa mafi arha ma sai an haura dala dubu 10, M16 kuwa, bindigar sojan Amurka, ana maganar dubu 30 zuwa sama. Tsohon ƙarfe ne mai shekara kusan 40 ko fiye, takardar ce ke da tsada.

Mai saye zai biya kuɗi, bindigar ta zauna hannun dillali. Sai ya cike fom na 4 na ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, ya haɗa da hoto da katin zanen yatsu guda biyu da harajin nan, ya kuma aika kwafi ga shugaban 'yan sandan yankinsa. Ana bincikar tarihinsa, kuma har sai fom ya dawo da kan sarki manne a jikinsa sannan zai ɗauka. Zanen yatsan da ya dame ko lambar bindiga da aka kwafa ba daidai ba na iya mayar da takarda baya. In zai tsallaka da ita wata jiha sai ya nemi izini a rubuce tukuna. Jihohi irin Niyok sun hana gaba ɗaya, ko da tarayya ta yarda. Karya dokar na iya kai mutum shekara 10 a kurkuku.

Wani abu da ba a nunawa a bidiyo: a idon doka gangar jikin da ke ɗauke da lamba ita ce bindigar. Bututu ko sifirin ko kunama in sun ci, ana sauyawa. Gangar in ta tsage sai dai a yi mata gyara, ba a ƙera sabuwa a buga mata tsohuwar lamba. Ga cin harsashi: M16 na zazzage gidan harsashi mai 30 cikin daƙiƙa uku.

Ɗan Mabera:
Allah shi ƙara sani, Malam. To sababbin ƙira da muke gani hannun wasunsu fa?

Malam Na-Rijiya:
Waɗannan dillalai ne ko maƙera masu lasisin tarayya. Dillali na biyan ƙarin haraji na dala 500 duk shekara, wanda ke cika ranar 1 ga Yuli. Kafin ya karɓi ƙirar bayan 1986 sai ya nuna wasiƙar wata rundunar 'yan sanda da ke son a gwada mata ita. Ranar da ya rufe sana'a, ko dai ya miƙa ta ga hukuma ko wani mai lasisi, ko a yanka gangar da wutar walda. Ba ta shiga gado. Masu buɗe lasisi don kawai su tara wa kansu, da wasiƙar 'yan sanda ta bogi, su ne ake yawan gurfanarwa.

Baba Na-Kanwuri:
Yarana, mai son tarihin bindigar ga ba sai ya tafi Amurka ba. Da mashinga ƙirar Maxim Turawa sunka yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru a Giginya ta Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, irinta kuma mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, sunka ƙwace hannun sojan Turawa a Fabrairun 1906. Wanda ya gaji tsohuwar bindiga a ɗakin kakansa, kar ya ce ai ta yi tsatsa ba ta tashi. Lasisin mamaci ba ya bin magaji. Ya nemi lauya, a sanar da 'yan sanda a rubuce su zo su ɗauka da kansu, ya karɓi takardar shaida. Kar ya naɗe ta cikin buhu ya hau kabu-kabu da ita, don shingen bincike na farko zai gama da shi.