Shin ƙwayar ƙanjamau ta bijire wa maganin ƙanina ne?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ƙanina ya shekara shida yana shan maganin ƙanjamau, amma a bara da aiki ya mayar da shi wani gari, sai ya riƙa tsallake kwanaki saboda kunyar a gan shi a layin karɓar magani. Gwajin watan jiya ya nuna ƙwayar cutar ta haura 1,000 a kowace mililita ta jininsa. Na zaci nan take za a canza masa magani, sai aka ce ya dawo bayan wata uku. Shin ƙwayar ta bijire ne, kuma me ya kawo wannan jinkiri?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya. Jinkirin nan ba sakaci ba ne, ƙa'ida ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, domin mafi yawan waɗanda ƙwayar ta hau a jininsu ba bijirewa ta yi ba, maganin ne ba ya shiga jiki yadda ya kamata. Don haka ake zama da mutum a gano abin da ke hana shi sha, sannan a sake gwaji.

Ga yadda bijirewar take samuwa. Ƙwayar tana hayayyafa da sauri ƙwarai, kuma tana yawan kuskure wajen kwafar kanta, har a samu 'ya'yan da suka ɗan sauya kama. Idan magani ya cika jini, ba ta samun sararin hayayyafa. Idan kuwa ana sha ana bari, raunanan ne ke mutuwa, masu taurin kan su yaɗu. Tsofaffin magunguna irin su nevirapine da efavirenz sauyi ɗaya tak ya isa ya karya su. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2019 Hukumar ta fifita dolutegravir, wanda ke cikin haɗin maganin da ake kira TLD, da ake sha sau ɗaya a rana, domin bijire masa yana da wuya. Sai dai ba a ce ba ya yiwuwa ba, an fara ganinsa, musamman ga waɗanda suka daɗe suna fama da tsofaffin magungunan.

Baban Sadiq:
Hajiya, ki tambaye shi ko yana shan wani abu daban. Matata tana kan TLD, kuma lokacin da take da juna biyu takan haɗiye shi tare da maganin ƙarin jini da sassafe, cikinta babu komai. Daga baya likita ya bayyana mana cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini da na maganin gyambon ciki suna riƙe dolutegravir a hanji, don haka a sha shi awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Haka nan mai shan rifampicin na tarin fuka, sai an ƙara masa wani dolutegravir ɗin bayan awa goma sha biyu.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lallai yana yawan shan farin ruwan nan na ƙwannafi da daddare, daidai lokacin da yake shan maganinsa, kuma ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
To, ya tafi da kwalbar asibiti ya nuna musu. Idan gwaji na biyu bai sauka ba, likita zai duba yiwuwar mayar da shi kan rukunin magani na biyu, mai ɗauke da irin su atazanavir. Kafin nan ya yi amfani da kwaroron roba, domin ƙwayar da ta bijire tana kama wani da taurin kanta. Ya kuma nemi takardar sauya asibiti zuwa inda hankalinsa zai kwanta, ya roƙi a ba shi maganin wata uku a lokaci ɗaya idan sun ga ya dace.