Keken hawan dutse a dajin Pfalz: in saya na hannu ko in yi haya?

Ɗan Lautern
Assalamu alaikum jama'a. Karatu nake yi a garin Kaiserslautern na ƙasar Jamus, kuma ina so in yi amfani da wani ƙarshen mako a watan Oktoba in zaga da keke kafin sanyi ya kankama. Tsarina shi ne ranar Asabar in sauka Neustadt, in bi ta gonakin inabi zuwa fadar Hambach, daga nan in haura tsaunin Kalmit. Ranar Lahadi kuma kangon tsoffin fadojin Madenburg da Trifels. Abin da ke hannuna yuro 600 ne, ba ni da mota, jirgin ƙasa zan bi. Gwiwata ta dama tana da tsohon targaɗe na ƙwallo, idan hawa ya yi tsawo takan yi mini tsami. Ɗakina a hawa na uku yake, wurin ajiye keke sai ɗakin ƙasa na kowa da kowa. Shin in sayi na hannu, ko in hayi mai batir na kwana biyu? Kuma tikitina na wata ya isa in shiga jirgi da keke?

Injiniya
Wa alaikumus salam. Kada ka ɓata kuɗinka a kan na hannu, araha ba ta ado. Ka sayi sabo mai shokozoba gaba da baya, da birkin mai. Nawa yuro 2,400 na saye shi, har yau ko sarƙa ban canza ba.

Badamagare
Injiniya, yaro ya ce 600 gare shi. Jika ɗari uku da casa'in da 'yan kai kenan a kuɗinmu na sefa. Ragowar 1,800 ɗin kai za ka cika masa?

Baban Ikram
Ni dai shawarata ka ɗora keken a bayan mota ka tafi Johanniskreuz, tsakiyar daji. Akwai hanyoyin keken dutse da aka yi wa alamu a dajin Pfalz, sun haura kilomita 900 idan an haɗa su, kowacce da lambarta. Ƙasar wurin yashi ce ta jan dutse, ko an yi ruwa da dare kafin hantsi ta tsotse, ba ka fama da taɓo. Wurin ajiye mota ma akwai wadatacce.

Hajiyar Landau
Baban Ikram, ka sake karanta tambayar, ba shi da mota. Ƙanena, saurara. Tikitin wata na duk Jamus kai kaɗai ya ɗauka, bai haɗa da keke ba. Sai dai a jihar Rheinland-Pfalz jiragen yanki suna ɗaukar keke kyauta ranakun Asabar da Lahadi, a ranakun aiki kuma daga ƙarfe tara na safe. Ka nemi taragon da aka zana wa hoton keke, ka fita da sassafe, don idan rana ta yi kyau a Oktoba wurin cika yake yi, kuma mai keken guragu da mai keken jariri su ne a gabanka.

Na biyu, lokacin da ka zaɓa ƙarshen kakar inabi ne. Waɗannan 'yan hanyoyin siminti da ke ratsa gonaki na manoma ne, za ka yi ta karo da tarakta da motar tsinkar inabi. Ka kauce musu, kuma kada hannunka ya kai kan 'ya'yan itacen mutane ko da ɗaya ne.

Na uku abinci. Bukkokin da ke cikin dajin 'yan sa-kai ne ke gudanar da yawancinsu, wasu ƙarshen mako kawai suke buɗewa, kuma kusan duk abin da ke tukunya naman alade ne. Abin da na saba ci shi ne farin cuku da dafaffen dankali. Abin sha kuwa ka faɗa da bakinka cewa ruwan inabi marar barasa kake so ko na tuffa, in ba haka ba babban kofi na rabin lita za a dire maka, na barasa. Ka riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina ake karɓar kati ba.

Kawu na Ludwigshafen
Duk wanda ya ce maka ka hayi mai batir ba masoyinka ba ne. Bari in ba ka labarin abin da ya same ni a kan wannan Kalmit ɗin da kake marmari.

Na karɓi keke a wani shago, aka miƙo mini takarda shafi biyu da ƙananan rubutu, na sa hannu, suka riƙe yuro 300 na jingina. Hawa lafiya lau. Daga Maikammer zuwa ƙololuwa hawan kusan mita 500 ne, tsaunin kansa mita 673, shi ne mafi tsawo a dajin, amma batir ya kai ni ko gumi ban yi ba. Na tsaya na ga filin kogin Rhine shimfiɗe har inda ido ya ƙare, na ɗauki hotuna, na ce lallai Allah ya yi halitta. Matsalar a gangara take. Babu wanda ya gaya mini keken nan ya fi kilo ashirin, kuma a Oktoba hanyar cike take da jiƙaƙƙen ganye da ɓawon 'ya'yan itacen nan masu ƙaya da Jamusawa ke fitowa tsinta. A wata kwana na matse birkin gaba, sai ganina na yi a ƙasa, keke a kaina. Ƙashin kafaɗa ya karye. Hular kwano ce ta ceci kaina, ta tsage gida biyu. Wasu tsofaffi mata da miji masu yawon ƙafa ne suka kira motar asibiti, Allah ya saka musu.

To ka ji inda abin ya fi ciwo. Ina kwance da hannu a rataye sai ga wasiƙa daga shagon. Sun cinye 300 ɗin, sun ƙara mini 480, wai allon batir ya fashe, kan keke ya lanƙwashe, har da kuɗin zuwa ɗauko shi daga daji. Na ce ai na ɗauka akwai inshora. Suka nuno mini layin da na sa wa hannu. Inshorar lafiya ta biya asibiti, amma ta keke ko sisi. Makonni ina zaune ba aiki, ga yara, ga kuɗin haya, ga na gida suna jiran saƙon ƙarshen wata. Har yau idan hadari ya haɗu kafaɗar nan sai ta sanar da ni.

Ɗan Lautern
Subhanallahi. Allah ya ƙara sauƙi Kawu. Nawa ne kuɗin hayar kanta a rana?

Kawu na Ludwigshafen
Yuro 70.

Hajiyar Landau
Saba'in? Kawu an yanke ka tun daga ƙofa. Maigidana 45 ya biya, har da hula da kwaɗo.

Injiniya
Wanda kuke samu a 45 keken gari ne da aka saka wa manyan tayu. Na ƙwarai ba ya kasa 80. Kuma da girmamawa Kawu, laifin ba na keken ba ne. Ba a damƙe birkin gaba a kwana. Wanda bai taɓa gangaro abin da ya fi Goron Dutse ba, bai kamata ya fara da Kalmit ba.

Kawu na Ludwigshafen
Yaro, ina ƙasar nan tun kana firamare. Kai da kekenka na 2,400, ban da gefen kogi a Mannheim ina ka taɓa kai shi? Wanda ya karye a hanya shi ya san hanya.

Badamagare
Idan karaya ce takardar shaida, to Kawu ne farfesa, mu duk 'yan aji ɗaya ne.

Baban Ikram
Ku bar faɗa. Abin da ba ku gaya masa ba shi ne doka. An hana hawa keke a duk hanyar daji da faɗinta bai kai mita biyu ba, tara ce.

Hajiyar Landau
Wannan dokar mita biyun ta Baden-Württemberg ce, tsallaken kogi, wajen su Heidelberg. A nan ba a auna mita, amma dokar daji ta ce keke ya bi hanyoyin daji, ban da siririyar hanyar ƙafa, sai inda aka sa alamar an yarda. Shi ya sa ba duk layin da manhajar taswira ta Komoot ta zana maka za ka bi ido rufe ba. Ranar Lahadi kusa da Hambach masu yawon ƙafa kamar ranar kasuwa, ka rage gudu ka yi musu sallama tun daga nesa.

Malam Mai Alli
Tunda ba wanda ya tambaye ni, bari in faɗa. Idan kango na gaske kake so, Madenburg ce, a saman ƙauyen Eschbach. Sojojin Faransa ne suka rusa ta a 1689. Trifels an sake gina babban ɓangarenta, a nan aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1193, kuma sai ka biya kuɗin shiga ka bar keke a waje. Hambach ma ba kango ba ce yanzu, gidan tarihi ce saboda babban taron neman 'yanci da haɗin kan Jamus na 1832. Kai da ke Kaiserslautern ma, jirgin da zai kai ka Neustadt yana ratsa rami a ƙarƙashin kangon Frankenstein, ka leƙa ta taga. Kuma ka duba jikinka da dare, akwai kaska a ciyawa.

Ɗan Lautern
Na gode Malam. Amma har yanzu ba wanda ya ce komai a kan gwiwata, ko kan ajiye keke a ɗakin ƙasa idan na saya.

Baban Ikram
Ɗakin ƙasa? Kada ka soma. Nawa a can aka ɗauke shi, a bayan ƙofa biyu masu makulli, an datse kwaɗon an bar mini shi a ƙasa. Na kai ƙara, suka tambaye ni lambar jikin keken, ban taɓa rubuta ta ba. Bayan wani lokaci wasiƙa ta zo cewa an rufe bincike. Mai gidan ya ce ba ruwansa, inshora ta ce keke ba ya cikin yarjejeniyata.

Injiniya
Kwaɗon yuro 15 kuke saye ku ɗaure keken ɗaruruwa. Ni a ɗaki nawa yake kwana.

Badamagare
Uwargida fa, a ina take kwana? Ɗan Lautern, ni ina da wani a ajiye, shokozoba a gaba kawai, tayar baya na son faci. Kawo 250 ka ɗauka.

Hajiyar Landau
Ba shi ne wanda ka ce mana 180 watan jiya ba?

Kawu na Ludwigshafen
Ku bar zancen farashi tukuna. Badamagare, rasit ɗinsa yana nan? Baban Ikram, naka wane launi ne?