Tantina yana danƙo yana wari, ku ya kuke adana naku?

Ɗan Gwale:
Salamu alaikum jama'a. Ina da ƙaramin tanti na nailan da muke fita da shi bakin Dam ɗin Tiga da yaran sikawut. Yau na zaro shi daga jakarsa, cikinsa sai manne wa hannu yake, ga wani wari mai tayar da zuciya. Masu tanti, kowa ya faɗi abin da ya gani a nasa.

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, a ina yake kwana? In a but ɗin mota ne ko saman silin ƙarƙashin kwano, to ga amsarka nan. Irin wannan yadin ana shafe cikinsa da wata roba, poliyuritan, ita ke tare ruwa. Danshi da zafi in suka haɗu, sannu a hankali take lalacewa, ta yi danƙo, daga baya ta riƙa ɓarewa. Ka tuna zafin Kano na Afrilu da ke haura digiri 40, balle cikin ƙarfe a rufe. Nawa na farko haka ya tafi. Na yanzu a tsohuwar rigar katifa nake zuba shi sakwa-sakwa, a ɗaki mai iska. Jakar da ya zo da ita ta tafiya ce kawai.

Mai tamfol na Fagge:
Alhaji ya yi gaskiya. Mu masu hayar rumfunan biki, asararmu a watan Agusta take. Yara su kwance kaya da safe da raɓa a jiki, su naɗe, kafin jibi fumfuna ta yi baƙi-baƙi, kuma tabon nan ba ya fita gaba ɗaya. Yanzu ko dare ya yi sai an baje. A duba kan ɗinki da kusurwoyi, nan ruwa ke ɓuya bayan tsakiya ta bushe. Amma a inuwa ake shanyawa, rana na cin nailan har ya riƙa yagewa kamar takarda.

Anti mai koyarwa a Tarauni:
Ni zif ne ya fi ba ni wahala. Ƙurar hunturu ta shiga haƙoran, kan zif ɗin ya goge, ka ja ya rufe ya buɗe ta baya. Mai gyaran jaka ya ɗan matse mini kan da filaya, ya dawo daidai. Tun daga nan nake bin sa da tsohon buroshin haƙori da ruwa. Wasu na goga kyandir, ni na daina, don yana ƙara kama ƙura.

Ɗan Gwale:
Anti, to wanki fa? Na yi niyyar jiƙa shi da garin sabulu.

Anti mai koyarwa a Tarauni:
A'a ɗana, kar ka soma. Garin sabulu da bilic suna wanke maganin da ke sa ruwa ya zame a bayan yadin. Ruwan sanyi da soso mai laushi, inda ya yi datti kaɗai. Injin wanki ma kar ya gan shi.

Tsohon sikawut, Dakata:
Ku yaran yanzu da nailan ɗinku! Namu na kambas ne na auduga. Sabo sai mun kafa shi mun jiƙa shi ya bushe, mu maimaita, zaren ya kumbura ya toshe hujin allura. Abokan gabansa gara da ɓera, shi ya sa ba ya taɓa ƙasa a ajiya, kuma ana kakkaɓe ɓurɓushin abinci tas. Turakunmu da suka lanƙwashe maƙeri ya yanka mana na rodi daga Ƙofar Ruwa, sun fi na asali shiga busasshiyar ƙasa. Ku shimfiɗa leda a ƙasa saboda ƙaya da ƙarangiya, sai dai kar ta leƙo waje, in ta leƙo ruwan sama za ta tara muku a ƙarƙashi. Kurfoti ko risho kuwa ba a kunna su a ciki ko sanyi ya kai ina, iskar gawayi na kashe mutum yana barci.

Ɗan Gwale:
Na gode Baba. A but yake tun ƙarshen damina. Alhaji, wanda ya riga ya yi danƙon yana gyaruwa?

Baban Ilham:
Ana iya kankare tsohuwar robar a shafa sabuwa, amma aiki ne ja. In bai fara ɓarewa ba, baje shi a inuwa tukuna, ka watsa masa ruwa ka ga inda ke yoyo.