A kama kifi, a ɗauki hoto, a sake shi: su ne ko wasa?

Malam Sani: Jama'a, ku ji ikon Allah. A Biritish Kolombiya ta Kanada akwai masaukai a bakin kogunan Babin da Sustut, wasu sai da jirgi mai saukar ungulu ake isa gare su. Baƙo ya biya dubban daloli na mako guda, ɗan jagora ya kai shi ruwa, ya wuni tsaye cikin sanyi yana wurga ƙugiyar da aka yi wa ado da gashin tsuntsu. In ya dace da kifin da suke kira steelhead, sai hoto, sai saki. Ni dai na ce wannan ba su ba ne, wasa da rai ne.

Bala: Malam, ai doka ce ta hana a tafi da na daji, wato wanda ba na kiwo ba. Ƙugiyar ma sai guda ɗaya, marar kunne, don kada ta yaga masa baki. Kuma kifin nan ba kamar kifin salmon na yankin ba ne da ke mutuwa da zarar ya yi ƙwai. Shi yana iya komawa teku, ya sake hawowa. Wanda aka saki bana zai iya haihuwa baɗi.

Hajiya Rabi: Bala, in ka damu da shi, me ya kai ka huda masa baki tun farko? Ya baro teku, ya yi ɗaruruwan kilomita yana hawan ruwa, ka ja shi har ya galabaita, sannan ka ce ka yi masa alheri.

Bala: Hajiya, ban ce babu wanda ke mutuwa bayan saki ba. Amma tarun masu kama salmon a bakin kogin Skina, wanda Babin da Sustut ke zuba a cikinsa, yana haɗawa da shi, kuma masu masaukan nan suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kai, don abincinsu na nan.

Kawu Idi: Ni ɗan Kabi ne, ku bari in sa baki. Ruwan Matan Fada a Argungu ana hana su a cikinsa sai ranar biki. Hutar da ruwa mun sani. Sakin kifi bayan ya shiga hannu, wannan ban gada ba.

Malam Sani: Yauwa Kawu! Mutanen Gitsan ma, 'yan asalin wurin, ƙorafinsu ke nan: ana wasa da abincinsu.

Bala: Wannan kam ba ni da ta cewa. Amma ku tuna a 2021 kifin ya yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba tun fara ƙidaya a shekarun 1950, gwamnati ta rufe kamunsa a Skina cikin Oktoba, har da masu sakin.

Hajiya Rabi: To ka gani. Da sakin ba ya cutarwa, me za a rufe?