Mi za mu kira "handicap" da Hausa? Ni dai na ce bashin ƙwallo

Mai gidan kallo, Gusau:
Salamu alaikum jama'a. Kalma guda nike neman taimako a kai, handicap, wadda yaranmu ke ce ma handikaf ko su gajarce su ce handi. Duk mai zama gidan kallo ran Asabar ya san ta, an tashi wasa ƙungiyar yaro ta ci 1-0 kowa na tsalle ana kaɗa benci, shi ko ya dafe kai yana kallon waya, ka ce lafiya ya ce handi ta kashe shi. Ba talla nike ma caca ba, haramun ce, aya ta 90 cikin Ma'ida ba ta bar wani kwana-kwana ba, kuma nan Zamfara anka fara shelar shari'a tun Oktoban 1999. Amma abin ya bar shago ya koma cikin waya, kuma uba ba ya iya yi ma ɗa faɗa kan abin da shi kanshi bai san mi ake nufi da shi ba.

Ga yadda take. In babbar ƙungiya za ta kara da ƙarama kowa ya san inda nasara ta karkata, to sai kamfanin caca ya cire ma babbar ƙwallo tun ba a busa usur ba. In ka ga -1.5 sai ta ci da ƙwallo biyu ko fiye kafin a ce ka ci, 1-0 ko 2-1 faɗuwa ce. In -1 ne ta ci da guda tak a maido maka kuɗinka ba ci ba faɗuwa. Akwai ma -0.75 mai rikita yara, can kuɗinka ake rabawa biyu, rabi kan -0.5 rabi kan -1, in an tashi 1-0 rabi ya ci rabi a maido. Shi ya sa na ce bashin ƙwallo, ta shiga fili da bashi a wuya sai ta biya sannan a fara lissafa mata. Ku gyara min.

Ɗan Kaura:
Oga ni na sa a manhajar fassara ta ba ni nakasa. Kuma wai ƙwallo ɗaya da rabi, ina ake cin rabin ƙwallo don Allah

Mai gidan kallo, Gusau:
Nakasa ta jiki ce ƙanena, ba ta shiga nan ko kaɗan, wa za ka ce ma Real Madrid ta nakasa ya gane ka. Rabin kuma don a kashe canjaras anka ƙirƙiro shi. Tunda babu mai cin rabin ƙwallo to dole ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi, ba kunnen doki.

Malamin sakandare, Talata Mafara:
Alhaji sannu da ƙoƙari. Kalmar tsohuwa ce a Ingila, asalinta wani wasan musaya da ake sa hannu cikin hula, daga baya ta shiga sukuwar dawaki inda ake ƙara ma dokin da ya fi gudu nauyi a sirdi don a zo daidai. A Amurka ana danganta yaɗuwar salon ba da tazarar maki ga wani Charles McNeil, tsohon malamin lissafi da ya koma harkar caca a Cikago wajen shekarun 1940. Wanda kake bayani kuma mai rabi da kwata daga Indonesiya ya fito, wani ɗan jaridar Ingila Joe Saumarez Smith ya raɗa mai suna na Turanci, Asian handicap, a 1998 da aka roƙe shi ya fassara sunan da 'yan can ke kiran shi, wato su ma Turawan zama suka yi suka nemo suna kamar yadda muke yi yanzu.

Ni rata na fi so. Yara in za su yi tsere ƙaramin yakan ce ba ni rata, a bar shi ya yi gaba taku goma sannan babban ya taso. Kalma ɗaya ce, gajera, kowa ya san ta.

Mai gidan kallo, Gusau:
Malam Allah shi ƙara sani, ma'anar ta hau ɗari bisa ɗari. Matsalata da rata mun riga mun cinye ta a ƙwallo. Muna cewa Arsenal ta ba da ratar maki biyar a tebur, muna cewa an ci su da ratar ƙwallo uku. To gwada faɗin wannan, ta ci da rata ɗaya amma rata ɗaya da rabi ta bayar don haka ratar ba ta kai ba. Wa zai bi ka? Amma in ka ce bashin ɗaya da rabi ke kanta guda ta biya, ko tsohuwa ta gane saura rabi bai fita ba.

Na Argungu:
Gaskiya ta Alhaji, bashi ya zamna. Amma ɓangare guda kunka kama. Ita ƙaramar da anka ƙara ma +1.5 hwa, ita ba bashi ag gareta ba. Mu nan sai in ce gyara, awa ka sayi mudun shinkahwa mai awo ya ɗebo hannu guda ya ƙara ma.

Mai gidan kallo, Gusau:
Yaya na Argungu nan ne zan ja da kai da ƙarfi, don wannan shi ne abin da ke cin yaranmu. Gyara kyauta ce, a nan kuwa ba kyauta ko ta sisi. Duba lissafi. Bayan an ɗora bashi an daidaita wasa, sau da yawa kowane ɓangare ana sa mai kusan 1.90, wato duk naira ɗaya da ka sa in ka ci a ba ka 1.90. Yaro guda ya sa dubu ɗaya kan babba, abokinshi ya sa dubu ɗaya kan ƙarama, kamfani ya karɓi 2,000. Ko wa ya ci 1,900 za a ba shi, naira ɗari ta zauna wurin kamfani, ko ruwa anka yi ko an ba da jan kati uku ba ruwanshi. A wannan farashin sai ka ci kusan 53 cikin kowace caca 100 kafin ma ka tsira da uwar kuɗinka, ba riba ba, tsira kawai. Kuma yaranmu ba wasa guda suke sawa ba, goma sha suke jerawa a tikiti ɗaya don ɗari biyu ta zama dubu ɗari, kowane wasa da ka ƙara ka ƙara ma kamfani nashi kaso. In munka kira shi gyara mun taya su talla da bakinmu.

Malamin sakandare, Talata Mafara:
To a ce ƙwallon aro. Babba na da bashi, ƙarama na da aro, a takarda kawai take da shi ba a raga ba. Na janye rata.

Na Argungu:
Aro ya yi. Na yarda.

Ɗalibi, Birnin Kebbi:
Yayyena akwai wata ma'anar da ba ku taɓo ba. In Ba'amurke ya ce handicapping ba bashin yake nufi ba, zaman da mutum zai yi ya nazarci wasa ya fitar da nashi lissafin ya gwada da na kamfani yake nufi, mai yin haka shi ne handicapper. Irin masu buɗe zaure a Telegram da WhatsApp suna sayar da wasa wai tabbas ne. Wannan fa, hasashe za mu ce ko kintace?

Mai gidan kallo, Gusau:
Madalla ƙanena. Hasashe ya yi faɗi, har na damina hasashe ne. Kintace kuma kamar ka rufe ido ka faɗa. Su masu yi da gaske aunawa suke, don haka ni awon wasa zan ce, mai yi kuma ma'aunin wasa ko mai awon wasa.

Kuma hanyoyin awon ba ɗaya ba ne. Akwai mai bin labari, wa ya ji rauni, wa kati ya hana bugawa, ƙungiya ta buga gasar zakarun Turai ran Laraba ta yi doguwar tafiya ga wasa ran Asabar da rana, koci zai hutar da manya ko ko. Akwai mai bin gida da waje, wannan gaskiya ne ƙungiya ta fi cin wasa a gidanta, mu da ke kallon gasar Najeriya ba sai an gaya muna ba, kuma a 2020 da korona ta sa aka buga ba 'yan kallo an ga wannan fifikon ya ragu a manyan gasannin Turai. Akwai masu lamba zalla, suna ba kowace ƙungiya maki na ƙarfi da ke hawa da sauka bayan kowane wasa gwargwadon ƙarfin wanda ta buga da shi, tsarin Elo ke nan da anka fara yi don wasan ces (chess, mai kama da dara), FIFA ma kanta ta koma irin shi a jadawalin ƙasashe tun 2018. Sai masu xG da kuke gani a ƙasan allo bayan wasa, kowane hari ana ba shi daraja tsakanin 0 da 1 bisa inda anka buga shi da yadda anka buga, fenariti yana kusan kashi uku cikin huɗu, sai a tara a ga ƙwallo nawa ya kamata a ce an ci. Wannan na ƙarshen ni ina son shi don musun ƙwallo, yana raba wanda ya taka leda da wanda sa'a ta ɗauka.

Amma duk abin ga da na lissafa kamfanin ya riga ka sani, yana da ma'aikata da kwamfutoci da ba su da wani aiki sai wannan, kuma da labarin rauni ya fito cikin mintuna sun gyara bashin. Kai kana Tudun Wada da data ta ɗari biyar. Sannan ƙwallo ba ta jin awo. Ajantina ta zo Katar a 2022 da wasa 36 ba a doke ta ba, Messi ya fara ci da fenariti, aka soke musu ƙwallo uku na satar gida kafin hutun rabin lokaci, Saudiyya ta dawo ta ci 2-1. Wane mai awo ya ga wannan? Leicester ma da ta ɗauki Firimiya a 2016, farkon kaka 5000 kan 1 aka sa mata, wato naira ɗaya ta ciyo ma dubu biyar in ta ɗauka.

Ɗan Kaura:
Ga kuma wasan da aka sayar tun a ɗaki. Ku tuna 2013 a Bauchi, Plateau United Feeders 79-0, Police Machine 67-0 duk rana ɗaya don neman hawa gasa ta gaba. Ba caca ce ta jawo wancan ba amma wane bashi za ka ɗora ma irin wannan wasan

Malam, Jega:
Assalamu alaikum. 'Ya'yana na karanta duka kuma na ga niyyarku, amma ina da tsoro guda. Abu in ya samu sunan Hausa ya samu wurin zama. Da a bar shi da baƙon sunanshi ba zai fi ba? Ko a Kano bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2024 da ya soke dokar caca ta tarayya ta 2005 ya bar ma jihohi iko, Hisba rufe shagunan ta ce za ta yi, ba fassara su ba.

Mai gidan kallo, Gusau:
Allah gafarta Malam, tsoronka na kan hanya kuma ban raina shi ba. Sai dai wurin zama ya riga ya samu, a aljihun yara yake kwana. Giya na da suna da Hausa, caca na da suna, kuɗin ruwa na da suna, da waɗannan sunayen kuke hawa mumbari ku yi muna wa'azi mu ji a jikinmu. Baƙon sunan ne ma ke ba yaro mafaka, uwa ta tambaye shi mi kake yi a waya ya ce handi nike dubawa, ta ɗauka wani karatu ne. Ya gwada ce mata bashin ƙwallo na ɗauka da kuɗin cefane mu ga. Ni don haka na zaɓi bashi a kan rata, kalma ce da Bahaushe ke jin nauyinta.

Malam, Jega:
To in haka ne ban hana ba, da sharaɗin duk inda za a rubuta a haɗa da kalmar caca, cacar bashin ƙwallo, kada a sakaya. Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu zan gwada ta a huɗuba in ga ko samarin sahun baya za su ɗago kai.

Malamin sakandare, Talata Mafara:
An karɓa Malam. Cacar bashin ƙwallo in da alamar cirewa, ƙwallon aro in da alamar ƙari, awon wasa ga nazarin. Zan tura ma wani abokina da ke shirin wasanni a rediyo ko zai fara sawa.

Ɗalibi, Birnin Kebbi:
Saura odds, lambar nan irin 1.90 da ake ninka kuɗinka da ita in ka ci, yara na ce mai od. Na ga Alhaji ya rubuta farashi a sama ba tare da ya lura ba, ni dai ta yi min, sai dai in wani na da wadda ta fi.