Makaranta ce ke kiran masana'anta, ko masana'anta ce ke raya makaranta?

Autan Kakuri: Assalamu alaikum. Baba, jiya da muka yi waya ka ce in kawo maganar nan kowa ya sa baki, to ga ta. Ni ra'ayina shi ne, abin da ya ta da yankin da nake zaune a jihar Karolina ta Kudu a Amurka bayan masaƙunsu sun mutu, kwalejojin fasaha ne na shekara biyu. Nan ma ƙasar masaƙa ce kamar Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna. Birnin Greenville har kirari ake yi mata da cibiyar saƙa ta duniya. In ka ratsa tsofaffin unguwannin ma'aikata za ka ga gidaje iri ɗaya a jere, ga dogon bututun jan bulo a tsaye, babu hayaƙi. A 1961 gwamnansu Fritz Hollings ya kafa tsarin makarantun koyon sana'a, yau kwaleji 16 ne a jihar. Ta Greenville a 1962 aka buɗe ta. Sai a 1992 BMW, kamfanin motoci na Jamus, ta ce a Spartanburg za ta kafa masana'anta, mota ta fara fitowa a 1994. Yanzu mutum wajen 11,000 ke aiki a ciki, suna fitar da mota kusan 400,000 a shekara. Ni kaina da digirina na zo, na shekara biyu ina ɗaukar kwali a sito. Sai da na shiga ajin dare na koyi gyaran injinan da kwamfuta ke sarrafawa, sannan wani kamfani mai ƙera sassan mota ya ɗauke ni. Da za a yi mana irin waɗannan kwalejoji a Kaduna da Kano da Gusau da Funtuwa, wallahi masana'antu da ƙafarsu za su zo.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Auta, sai ka ce ba a Kaduna aka haife ka ba. Kadpoly, kwalejin fasaha ta Kaduna, tun 1956 take a matsayin makarantar koyon fasaha, ta zama cikakkiyar kwaleji a 1968, wato ta girmi ta Greenville ɗin. Akwai sashen fasahar saƙa a cikinta. Hukumar NBTE mai kula da duk kwalejojin fasaha na ƙasar nan, hedkwatarta a Kaduna take tun 1977. Duk da haka manyan masaƙun Kaduna suka mutu: KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007. In makaranta ce ke riƙe masana'anta, me ya hana tamu ta riƙe?

Baba Masaƙa: Ɗana Auta, Allah ya yi maka albarka, na ji daɗin da ka samu abin yi. Amma bari in gaya maka abin da idona ya gani, gani ya kori ji. Shekara ashirin da shida ina gyaran injin saƙa. Da kunne nake gane injin da zai tsaya kafin ya tsaya. A cikin ɗaki mai inji sama da ɗari, ƙara ta cika ko'ina har sai dai mu yi magana da hannu, amma in ɗaya ya canza murya zan ji. Lokacin canjin aiki in jiniya ta yi kuka, titin Kakuri ba ya biyuwa saboda kekuna. Mai koko da ƙosai a bakin ƙofa kafin ƙarfe bakwai ta wanke roba ta tafi gida. Irina muna da yawa, Hausawa, Tibi, Idoma, Yarabawa, mutanen kudancin Kaduna. Ba rashin hannu ne ya kashe mu ba. Wuta ce ta fara yi mana wasa, a ɗauke ana tsakiyar rini, yadi ya lalace a cikin inji. Baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya ya yi tsada. Auduga ta ragu. Ga atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, wata ma da zanenmu da tambarinmu a jikinta. Ranar da aka rufe ƙofa, ƙwararrun ma'aikata ne aka rufe wa, dubbai. Wasu acaba suka koma. Wace makaranta ce za ta hana wannan?

Alhajin Kwari: Baba, ranka ya daɗe, na san maganar atamfa da mu kake. Ba zan musa ba, mun sayar. Mace ta zo haɗa lefe da kuɗinta a ƙididdige, ga ta gida ga ta Sin, kala ɗaya, kuɗi ba ɗaya ba. In ban ajiye ba maƙwabcina zai ajiye. Amma ni tambayata ga Auta ce, tambayar ɗan kasuwa: Bajamushe ba ya tsallako teku don ya ga makaranta mai kyau. Me aka ba shi?

Autan Kakuri: An ba shi, Alhaji, ba zan ɓoye ba. Gwamna Carroll Campbell ne a lokacin. Jiha ta sayi fili wajen eka 900 ta ba su haya a kan dala ɗaya a shekara. Duk tallafin da rangwamen haraji an ƙiyasta shi kusan dala miliyan 130. Wurin yana bakin babbar hanyar I-85, ga filin jirgin sama a gefe, ga tashar jiragen ruwa ta Charleston da ake fitar da motocin zuwa ƙasashen waje. Kuma jihar na cikin waɗanda ƙungiyar ƙwadago ta fi rauni a duk Amurka, kamfanoni na son haka.

Injiniya: To ka amsa wa kanka. Fili kusan kyauta, hanya, tashar ruwa, wutar da ba ta ƙiftawa, ma'aikacin da ba zai yi yajin aiki ba. Ka ba Kakuri rabin wannan ka gani. Kuma tunda Amurka muke magana, je ka Janesville a jihar Wisconsin. General Motors ta daina haɗa mota a can a ƙarshen 2008, ma'aikata suka yi tururuwa zuwa kwalejin Blackhawk don su koyi sabuwar sana'a. Da aka bi diddiginsu bayan 'yan shekaru, sai aka tarar waɗanda suka koma aji ba su fi waɗanda ba su koma ba samun tsayayyen aiki, albashinsu ma ya fi faɗuwa. Dalili? Sun fito da takarda a garin da babu mai ɗauka. A wannan jihar dai aka yi ta Foxconn, kamfanin ƙera kayan lantarki. A 2017 an yi alkawarin aiki 13,000, jiha ta amince da tallafin kusan dala biliyan 3, kwalejin Gateway ta shirya kwasa-kwasai. A 2021 aka sake yarjejeniya, aiki ya dawo 1,454.

Baba Masaƙa: Waɗannan mutanen na Janesville, ni ne. Bayan an sallame mu aka tara mu a wani shiri aka ce za a koya mana kwamfuta. Ina da shekara hamsin da biyu. Mu shida a kan inji ɗaya, sati shida, aka ba mu takarda mai hatimi. Tana nan cikin akwati tare da katin aikina.

Malama: Baba, Allah ya ƙara girma, wannan magana taka ta taɓa ni. Na yi shiru ne ina karantawa saboda a kan aikina ake magana, shekara goma sha huɗu ina koyarwa a kwalejin fasaha. Yaya Injiniya, kai da Auta kuna jayayya a kan kalmar makaranta kamar abu ɗaya ne can da nan, alhali ba ɗaya ba ne. Abin da Hollings ya kafa a 1961 yana da wani reshe da yanzu ake kira readySC. Aikinsa shi ne, tun kamfani bai gama gini ba, su je su zauna da shi: wane inji za ka kawo, mutum nawa kake so, me kake so su iya ranar farko? Sai su tace masu nema, su horar da su da kuɗin jiha. Ranar da aka kunna inji akwai mai tsayawa a gabansa. Daga 2011 kuma BMW ta fito da tsarin da ɗalibi ke karatu a kwaleji yana aiki a masana'antar har awa 20 a mako, ana biyan sa. Mu kuma fa? Muna da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, ITF, asusun horar da ma'aikata, na nan tun 1971, a takarda abin ya yi kyau. A aikace, yaro ne za a miƙa wa wasiƙa ya yi ta yawo ofis-ofis yana roƙon a karɓe shi. Na je duba ɗalibina mai karanta injiniyan lantarki na same shi yana kwafar takardu a wata sakatariya, wata huɗu. A ɗakin aikinmu akwai injin gogar ƙarfe da ya girmi uban wasu ɗaliban, kuma yana da rai, wuta ce babu. Sai in tsaya a gabansa ina juya hannu ina cewa ku ɗauka yana juyawa. Yara arba'in suna rubutawa a littafi. Ba na jin akwai abin da ya fi wannan ci mini rai.

Injiniya: Ƙanwata, ai abin da nake faɗa ke nan, wuta.

Malama: A'a Yaya, ba shi kaɗai ba. Ko an kawo wuta gobe, manhajar da nake koyarwa ba wani mai masana'anta da ya taɓa zama da ni a kanta. Kuma ɗalibaina da yawa ba sana'ar suka zo nema ba, jami'a suka rasa. Zuciyarsu na wajen digiri tun ranar farko.

Injiniya: Kada ki ga laifinsu. Ni HND gare ni, babbar difloma ta kwalejin fasaha. Inda na fara aiki, yaron da na koya wa karanta zanen waya shi aka ɗora a kaina bayan shekara biyar don shi digiri gare shi, ni kuma aka ce akwai matakin da ba zan wuce ba. Majalisa ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, ba a sa masa hannu ba. Ɗana ya ce zai bi sahuna, ni da bakina na hana shi.

Autan Kakuri: Yaya, duk na ji, na Janesville ma na yarda, horo a garin da ba aiki wahala ce kawai. Kuma nan ɗin ma ba kowa ya tsira ba. Akwai wani dattijo mai shara a wurin aikinmu, shekara talatin ya yi a masaƙa, in ya ga ina sallah a bayan sito sai ya tsaya ya tare mini hanyar keken ɗaukar kaya. Shi BMW ba ta yi masa komai ba. Ƙananan garuruwan da ke nesa da babbar hanya har yau a kwance suke. Amma ku dubi shekarun. Makaranta 1961, Michelin mai ƙera taya ta zo a 1975, BMW 1992. Shekara talatin suna fafe gora kafin ranar tafiya. Jihar Nebraska ma ta nemi BMW, ita ma tana da fili da rangwame. Rangwame kowane gwamna zai iya sa hannu a kai cikin mako guda. Mutum dubu da suka iya karanta zane da awo ba a samun su a mako guda. In muka ce sai wuta ta daidaita sannan mu fara horo, ranar da mai kuɗi ya zo da baƙinsa zai zo, mu kuma mu yi gadi.

Alhajin Kwari: A nan kam ina bayan Auta, domin ba sai an jira Bajamushe ba, abin na faruwa yanzu. Abokina yana da injin casar shinkafa a hanyar Haɗeja. Akwai wani sashe mai ido da ke tsince baƙar ƙwaya da tsakuwa yana hure su da iska. Bara ya tsaya ana tsakiyar kaka. Sati uku shinkafa na jibge, lebura na zaune, ana jiran mai gyara daga Legas. Ya zo a jirgi, an kama masa otal, aikin bai kai awa uku ba. Ku ƙirga injinan shinkafa da ke Kano da Jigawa da Kebbi, ku ƙara da majemun Challawa da Sharaɗa, da sola da kowa ke ɗorawa a rufi ana ƙona batir saboda rashin iya haɗi. Wannan ba aiki ba ne? Wa ke koyar da shi?

Injiniya: Gyaran inji goma ba zai ɗauki yaran da ake yayewa dubu-dubu duk shekara ba, Alhaji. Ku je kasuwar Panteka ta Kaduna ku ga masu walda da maƙera, ba su taɓa shiga aji ba, amma a ɗauke wuta duk su zauna. Ni har yanzu ina kan bakana: a fara da wuta da hanya da tsare iyaka.

Malama: Ba wanda ya ce a fasa wuta, Yaya. Amma ita ba a hannuna take ba, ɗalibai kuwa suna hannuna. Alhaji, don Allah ka tambayar mini abokinka sunan injin da ƙasar da aka ƙera shi, da ko yana da littafinsa. In zai yarda, zan kawo ɗalibai takwas na shekarar ƙarshe su kwana biyu suna kallon sa yana aiki, kuma duk ranar da mai gyaran zai dawo a sanar da ni, biyu daga cikinsu su tsaya a bayansa. Zan nemi izinin shugaban sashe, kuɗin mota kuma mu san yadda za mu yi.

Alhajin Kwari: Zan kira shi bayan la'asar. Kuɗin mota na ɗauka. Amma ki zaɓo masu haƙuri, wurin akwai ƙura da zafi, kuma ba zai yarda a taɓa masa allon inji ba sai ya ga hankalinsu.

Baba Masaƙa: 'Yata, in ranar ta tsaya ku biyo ta Kakuri ku ɗauke ni. Ban san injin shinkafa ba, amma bel da boris da gira duk ɗaya ne, kuma kunnena na dama har yanzu yana ji. Ki ce kowane yaro ya zo da sukundireba doguwa, zan nuna musu yadda ake ɗora bakinta a jikin inji a kara ƙotar a kunne.